Koriyar Suwaita Mai Gajeren Hannu

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan. Littafin da na saya dominsa ya shekara biyu a ƙarƙashin katifa, sau uku ina farawa ina yagewa. Da farko tsorona kada a ce ga wadda ta ci amana tana tallar kanta. Daga baya wani tsoron ya danne wannan: kada rubutuna ya tona asirin tsohuwar da nake nema a wurin wanda ta ɓoye wa. Shi ya sa ba za ku ga sunan kowa a nan ba. Karatuna bai wuce firamare ba, in kun ga kuskure ku yi mini uzuri. Abin da ya sa na daure yanzu shi ne ita tsohuwa ce, ni ma ba wanda ya yi mini alkawarin ganin baɗi.

Ni mutuniyar Azare ce, nan aka haife ni, nan aka yi mini aure. Sana'ata warware tsofaffin rigunan sanyi. In sanyi ya wuce, masu gwanjo sukan karyar da suwaitar da ta yi kwantai, wadda asu ya ci ko gwiwar hannunta ta huje, sai in je in zaɓo. Ba kowace ce ke warwaruwa ba. Sai ka juya cikinta ka duba gefe. In keken ɗinki ne ya haɗa bayan an yanka, zaren guntu-guntu zai fito, wahalar banza. In kuwa da saƙa aka haɗa ta, sai ka nemo bakin zaren daga kafaɗa ka ja, ya yi ta tahowa. Yakan fito a murɗe kamar gashin rago. Ina kife kujera in naɗe shi a ƙafafunta, in ɗaure, in tsoma a ruwan ɗumi, in rataye a igiya da ɗan dutse a ƙasa har ya miƙe. Daga nan sai in cura shi. Da shi nake yin hular jarirai da safa, da marfin kwano, da ƙwallo mai taushi, da 'yar tsana wadda nake cusa wa tsumma.

'Yan tsanata ba su da ido. Na taɓa tambayar malamarmu ta islamiyya, ta ce abin wasan yara ba laifi. Na gode mata, na dawo gida, amma hannuna ya ƙi. Na ce in ma akwai tambaya gobe kiyama, gara a same ni da wadda ba ta gani. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da nake. Ni ce mai komawa daga bakin titi in duba ko na kashe murhun da ban ma kunna ba. Maigidana, wanda nake kira Malam, uwar tsoro yake ce mini.

Wata shekara wata tsohuwa Babarbariya ta sauka a gidan haya da ke jikin namu, ita da babban ɗanta da iyalinsa. Daga Borno suka taso lokacin da zama ya gagara a garinsu. Iya muke ce mata. Turaren wuta take haɗawa, in ta ɗora tukunya duk layinmu sai ya sani. Ni Bafulatana ce uwa da uba, tsakaninmu da Barebari kuwa kowa ya san akwai wasa. Ranar da ta fara shigowa gidanmu, a tsakar gida ta tsaya ta ce, "Ina baiwar tawa? An ce akwai Bafulatana a nan, ya ba ta zo ta share mini ɗaki ba?"

Ni da ban iya wasa ba, sai na tashi na ɗauki tsintsiya da gaske. Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan turmi.

Hausarta ba ta gama zama ba. Takan ce mini "kai", ta ce wa Malam "ke", kalma ɗaya kuma takan yi mata aikin uku. A nan na gyara maganarta don ku fahimta, ban da kalma ɗaya da zan kawo yadda ta faɗe ta.

Kusan kullum da hantsi takan shigo ta zauna tana kallona ina warwara.

"Ku Fulani ba abin da kuka iya sai ɓarna," in ji ta. "Wata ta zauna ta saƙa, ke kin zauna kina rushewa."

"Iya, ai mutuwa ta yi nake tayar da ita."

"To zo ki tayar da gwiwata, ita ma ta mutu tun bara."

Sau biyu tana kawo mini tsofaffin suwaitun jikokinta. Duk sau biyun jefo mini su ta yi a cinya ta ce, "Na ba ki duniya da lahira, baiwata, je ki ɓata." Wata rana kuma ta karɓi tsinkayen saƙata ta nuna mini wata murɗa da ke fitowa kamar igiya. Hannunta na gudu, ashe gwana ce. Ta yi kamar layi shida, sai ta tsaya, ta ajiye, ta tashi ta fita ba sallama. Kwana biyu ina tuhumar kaina me na faɗa mata.

Bayan shekara uku ɗanta ya sami gona wajen Udubo, suka shirya tashi. Ranar wata Talata ce da hantsi. An cika a-kori-kura da kaya, matan layi duk mun fito bakin zaure. Ɗan nata ba mugu ba ne, amma yana da zafi-zafi, sai kiran ta yake ta fito rana na yi. Ta fito da wani ƙunshi a tsohon zane, ta nufo ni ta danna mini shi a ƙirji.

Ya ce, "Iya, mene ne kuma wannan?"

Ta ce, "Tsumma ne, na Bafulatana."

Sannan ta kama wuyan hannuna, ta matse har awarwarona ya shiga fata, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Riƙe. Ka ji? Riƙe."

Na ce to. Na ɗauka matsar ta ban kwana ce. Aka ɗora ta a gaba, mota ta tashi.

Da Malam ya dawo daga kasuwa na ajiye masa abinci, na ce, "Malam, in mutum ya ce maka riƙe, ba ka ya yi ko ajiya ya ba ka?"

Ya ce, "In na miƙo miki goro na ce riƙe, sai ki adana mini har baɗi?"

"Ai wannan goro ne."

"Wannan kuma tsumma ne. Wa ya taɓa ba da ajiyar tsumma? Ba a gaban mutane ta ce na Bafulatana ne ba? Uwar tsoro, bar ni in ci tuwona."

Ban ɗora wa Malam laifi ba, abin da ya ji ya faɗa. Duk da haka sai da na bar ƙunshin wata biyu a kan akwati ban kwance ba. Na sa aka kira lambar surukar Iya, layin bai shiga ba. Sanyi ya matso, mata suka fara tambayar hula, zarena ya ƙare. Sai na kwance.

Suwaita biyar ce a ciki. Huɗu na yara ne, duk sun huje. Ta biyar tana tsakiya a naɗe, ta babban mutum, koriya shar kamar ganyen zogale, ko huji ɗaya babu. Saƙar hannu ce, da igiya biyu da suka gangaro ta ƙirji, irin murɗar nan da Iya ta nuna mini. Ƙamshin turarenta ya kama ta sosai. Na lura da duk wannan. Abin da ke hana ni sakat har yau ke nan, ba zan ce ban gani ba. Na ce wa kaina wataƙila ta ɗanta ce ta yi masa kaɗan. Gaskiyar magana kuma zaren ne ya yi mini kyau, ban taɓa samun ulu mai laushinsa ba.

Wuyan rigar ninki biyu ne, an bi shi da baƙin zare an ɗinke tam. Na ga zai ɓata mini lokaci, sai na sa almakashi na zagaye shi na cire, na jefa cikin kwandon tsumma. Sauran kuwa yini ɗaya na warware. Na yi 'yan tsana uku, da hula da safa, da ƙwallo guda. 'Yan tsana biyu na ba 'yan matan gidan da ke kallon namu. Hula da safa na kai barka gidan wata da ta haihu a bayan layinmu. Ƙwallon na ba jikan wata tsohuwa. 'Yar tsana ta uku, wadda ta fi kyau, na aika wa 'yar ƙanina a Katagum.

Bayan ƙaramar salla, wata rana bayan azahar, na jawo kwandon zan cusa wa wata sabuwar 'yar tsana ciki. Hannuna ya faɗa kan wuyan nan. Da na dunƙule shi sai na ji wani abu mai tauri. Na sa allura na tsinke ɗinki uku. Gefen wata 'yar laya ya leƙo, tare da wani abu a leda. Na zaro ledar. Ɗan ƙaramin hoto ne na wani matashi da hula, goshinsa sak na Iya.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na yafa mayafi a birkice na nufi gidan wata maƙwabciyarmu 'yar wajen Yobe, wadda takan yi hira da Iya da yarensu. Na same ta tana tsince shinkafa. Ban ko gaishe ta ba na miƙa mata.

Ta duba wuyan, ta duba hoton, ta ajiye faifan. Ta ce, "Innalillahi. Ina sauran rigar?"

Ta matso kusa da ni.

"Yaya, ina sauran rigar?"

Na ce, "Na warware."

Ta dafe kai. Ta ce na cikin hoton autan Iya ne. Direba ne a can garinsu, Iya ce ta saƙa masa rigar da hannunta. Ranar da zai yi tafiyar ƙarshe, har ya fita ya ga rana ta buɗe, ya dawo ya tuɓe ta ya miƙa wa uwar, ya ce ta riƙe masa, in ya dawo da yamma zai karɓa. Ba a sake ganinsa ba, ba a ga motar ba, ba wanda ya kawo labarin gawa. Yayan ya jira ya gaji, ya ce a yi masa addu'a a rabar da kayansa sadaka, don duk ranar da Iya ta ɗauko rigar nan ba ta cin abinci. Aka rabar da komai. Wannan kaɗai ta ɓoye, ta ce masa ta ɓace a hanya. Da za su tashi ta ji tsoron a gani wajen ɗaure kaya.

Na ce, "To don me ba ta ba ki ba? Ke da kika san labarin?"

"Ni surukarta kullum tana cikin ɗakina. Ta ce mini za ta ba Bafulatana, matsoraciya ce, ko allura ka ba ta ba za ta ɓatar ba." Ta dube ni. "Ni ma na ɗauka ta yi miki bayani. Ba ki ji ta ce na ba ki duniya da lahira ba, ko?"

Ban ji ba. Sau biyu ta faɗa mini haka a baya, ranar nan ba ta faɗa ba. Da na tsaya na auna wannan kaɗai, da ya ishe ni.

Daga ranar duk motar da ta rage gudu a layinmu sai gabana ya faɗi. In wata ta kunna turaren wuta sai in leƙa zaure. Ina tsoron ta zo, ina kuma tsoron kada ta zo. Nakan ga kaina tana tsaye a tsakar gida tana cewa baiwata kawo ajiyata, ni kuma in miƙa mata wuya kawai. Wani lokaci kuma tunanin ya fi haka muni: a ce autan ya dawo, ya ce Iya ina rigata. Na rame har Malam ya daina tsokanata. Shi ya ce in je wurin malamarmu. Ta saurare ni ta ce kuskure ba ganganci ba ne, Allah ba ya kama bawa da abin da bai nufa ba, amma in akwai abin da zan iya mayarwa in mayar. Rabin farko na maganarta bai zauna mini ba. Rabin ƙarshe na kama.

Na ce zan bi zaren nan duk inda ya shiga in dawo da shi, in sake saƙa rigar.

'Yan matan gidan da ke kallonmu ba su ba ni wahala ba. Na yi musu sababbi ja da rawaya, suka jefo mini korayen suna murna. Ƙwallon kuwa an ce tun da daɗewa ya faɗa rijiyar gidan kakar yaron da na ba. Na roƙa aka zura ƙugiya, aka fito da tsohon guga da takalmi, ba ƙwallo. Sau biyu ina sa a zura.

Gidan mai jego ne ban yi tunani ba kafin in je. Na gaishe ta, na ɗauki yaron na yi masa wasa, sannan na ce don Allah hular nan da safar da na kawo, in tana da su ta ba ni, ga sababbi na kawo. Fuskarta ta canja nan take. Ta miƙo hannu ta karɓe ɗanta daga cinyata.

"Me za ki yi da hular da ta sha gumin kan ɗana?"

Sai a lokacin na gane yadda maganata ta fito. Uwar mijinta ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Wace ce ke neman kayan jariri?" Na ga in ban yi magana ba, kafin la'asar an gama da ni a unguwa, a ce mai 'yan tsana marasa ido ta fara bin kayan jarirai tana kai wa boka. Na rantse musu. Na ce zaren ajiyar wata ce na taɓa bisa kuskure, ban faɗi ko ta wace ce ba. Tsohuwar ta ce in dai haka ne, a wanke a gabansu. Na durƙusa a bakin rariyarsu na wanke hula da safa da sabulu sau uku, na warware su a jiƙe suna kallo, har suka ga ba abin da ya rage sai zare. Mai jegon nan har yau gaisuwarmu daga nesa ce.

Saura ta Katagum. Malam ya raka ni tasha ya sa ni a mota. Duk hanya ina riƙe da jakata, a ciki akwai sabuwar 'yar tsana shuɗiya da na yi kwana huɗu ina yi. Na isa ana kiran azahar. Matar ƙanina ta tarbe ni da murna, ta kawo ruwa da fura. Yarinyar, shekararta biyar lokacin, ta fito da gudu tana "Goggo! Goggo!" Koriyar 'yar tsanar tana goye a bayanta da ɗankwali.

Uwar ta ce, "Adda, kin haɗa mu da aiki. Har suna aka yi mata, da ƙosai. Ba ta barci sai da ita."

Yarinyar ta kwanto ta ta nuna mini. An ɗinka mata maɓalli biyu baƙaƙe a fuska. Uwar ta ce kuka ta yi ta yi wai 'yarta makauniya ce, shi ne ta ciro daga tsohuwar rigar babanta ta sa mata. Idanun nan suna kallona, na kasa shan furar.

Da yarinyar ta fita na faɗa wa uwar abin da ya kawo ni. Ta ce, "Haba Adda! Ki yi wa yarinya kyauta ki hau mota ki zo ki karɓe? Ke da kike zuwa islamiyya, kin fi ni sanin abin da aka ce game da mai yin haka."

Na sani. Tun a mota nake juya shi. In na karɓa na yi laifi, in na bari na ci amana. Na ce mata abin da ba nawa ba ne na bayar, kyautar tun asali ba ta zauna ba. Ta ce to ita dai ba za ta ƙwace ba, kuma ba za ta bari a ɗauke tana barci ba. In yarinya ta yarda, shi ke nan. Ta ƙara da cewa, "Ki ce mata asibiti za ki kai ta, ki dawo da ita. Kwana biyu ta manta."

Na ce ba zan gyara laifi da ƙarya ba.

Na kira yarinyar na zaunar da ita a cinyata. Na fito da shuɗiyar. Ta karɓa ta juya ta, ta ce, "Wannan ƙanwarta ce?"

Na ce, "A'a, musaya nake roƙo." Na gaya mata zaren jikin 'yarta na rigar wani ne, mamarsa ta ba ni in ajiye, ni kuma na yi kuskure na warware. Yanzu mamar tana can tana tsammanin rigar na nan.

"Shi yaron ina ya je?"

"Ba a sani ba."

"Ba shi da wata riga?"

"Mamarsa ba ta da wata tasa sai wannan."

Ta ƙanƙame koriyar ta sauka daga cinyata, ta tafi bayan rumbu ta zauna. Ban bi ta ba. Na yi la'asar, na zauna a kan tabarma ina jin uwar tana daka, ina cewa a raina gobe zan koma Azare hannu wofi, kuma ba ni da bakin cewa komai. Can sai ga ta ta dawo, fuska duk hawaye ya bushe.

Ta ce, "Goggo, in kika warware ta za ta ji zafi?"

Na ce, "Ba za ta ji ba. A hankali nake yi."

"To idanun nawa ne. Na babana ne, ba na yaron ba."

Na ce gaskiyarta. Ta ce in cire in sa wa shuɗiyar, yanzu, tana gani. Ni da ban taɓa sa wa 'yar tsana ido ba, na karɓi allura daga hannun uwarta na yi bisimilla na ɗinka. Garin ɗinkin har na soki yatsa. Ta karɓa ta duba, ta ce ɗaya ya fi ɗaya sama, ta goya ta ta fita, ta bar mini koriyar. Ba ta yi mini sallama ba da zan tafi washegari.

Saƙar ta ci mini damina guda. Ban taɓa saƙa rigar babban mutum ba, kuma ban ƙirga komai ba lokacin da nake rushewa. Na auna da rigar Malam, ban sani ba ko autan ya fi shi jiki. Igiyar ƙirjin ce ta fi ba ni wuya. Layi shida kawai na taɓa gani a hannun Iya, na yi na warware ya fi sau goma kafin ta yi kama. Zaren kuma duk na yayyanka shi wajen yin hannuwa da ƙafafun 'yan tsana, sai ƙulli a ko'ina, na tura su ta ciki. Wanda ya fito daga Katagum ya koɗe saboda goyo da wanki, ya yi wani fari-fari a kafaɗar dama. Na mayar da wuyan na asali, da layar da hoton a inda na same su, na bi da baƙin zare. Layar ban buɗe ba.

Da na zo hannun hagu, zare ya ƙare a gwiwar hannu. Abin da ya rage yana cikin rijiya.

Malam ya ce in nemi kore a kasuwa in cike, tsohuwa ba za ta gane ba. Na je na duba, har na sami wanda ya yi kusa, na riƙe shi a hannu na daɗe. Sai na ga in na cike, so nake ta ɗauka ba abin da ya faru, wannan kuwa algus ne. Na ajiye na dawo. Na kashe bakin saƙar a nan gwiwar hannu. Rigar tana cikin akwatina yanzu, a cikin zanenta da ta ƙunso ta, da kafur saboda asu. Duk wata nakan fito da ita in duba.

Mun nema. Malam ya tambayi wani mai sayen shanu da ke zuwa Udubo, ya ce ya san mutanen, amma shekara ɗaya suka yi gonar ba ta karɓe su ba suka tashi. Wani ya ce wajen Dagauda suka yi. Wata ta ce ta ga mai kama da surukar a wani biki a Jama'are. Maƙwabciyata 'yar Yobe ita ma ba ta da labari. Bara Malam ya sami gida mafi yalwa a wata unguwa, na roƙe shi mu zauna, don nan kaɗai Iya ta sani. Ya yi faɗa kwana biyu, ya haƙura.

To ga roƙona gare ku masu karatu, musamman na wajen Udubo da Dagauda da Jama'are. Tsohuwa ce doguwa, Babarbariya, da tsage a kumatu, tana ɗingisa ƙafar dama. Tana haɗa turaren wuta. Takan ce wa mace "kai", kuma ba ta ganin Bafulatani ta ƙyale shi bai zama bawanta ba. Ta zauna shekara uku a Azare. In kun san inda take, don Allah kada ku yi maganar a gaban iyalinta. Ku ja ta gefe ku ce Bafulatanarta ta Azare tana nan a gidan da ta bar ta, ajiyarta na nan, amma an taɓa ta, hannun hagu bai kai ba, kuma ni ce na yi. Ku faɗa mata hakan tun kafin ta zo, kada ta kwance zanen ta gani ba shiri. In ba za ta iya tafiya ba, a aiko wanda ta yarda da shi ya gaya mini inda take, ni zan hau mota in kai mata.

In kuma kai babban ɗanta ne kake karanta wannan, ka gane gidanku a ciki, ka yi wa Allah kada ka yi wa tsohuwa faɗa. Ni ka yi wa.

In kuwa ta riga mu gidan gaskiya, shi ma ina so in sani. Wanda ya sani ya daure ya zo ya gaya mini, ya kuma gaya mini wa ya kamata in miƙa wa rigar, don ban san ko ta magada ce ba, ko har yanzu ta mai ita ce da ya ce zai dawo ya karɓa.